Yadda ake taya kaya a gwanjon intanet

Wanda ya saba shiga kara a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya san ba a taya rago sai an taɓa shi. A buɗe baki a duba haƙori, a matsa gadon baya a ji tsoka, sannan a ce wa dillali "na saya kaza." In tayin bai kai ba a ce "albarka," a ƙara, har a kai ga sallamawa. Yau matasan Birnin Kudu da Gwaram suna irin wannan ciniki ta waya, amma hannunsu ba ya kaiwa ga kayan. Aikin da hannu ke yi a kara, a nan tambaya da lissafi ne za su yi shi.

Da farko ka san irin kasuwar da ka shiga. A Jiji, wadda aka buɗe a Legas a 2014, da Facebook da zaurukan WhatsApp, mai kaya ne ke sa kuɗi, kai kuma ka taya tsakaninka da shi. Gwanjo daban ne: ana yanke lokaci, kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. Haka eBay ke yi tun 1995 a Amurka, haka kuma Hukumar Kwastam ta Najeriya ta fara sayar da motoci da kayan da ta kama ta intanet a 2017, zamanin shugabanta Kanar Hameed Ali, inda sai mai lambar biyan haraji ta TIN ke iya shiga.

Daga nan sai neman ainihin farashi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kuɗin da mai kaya ya rubuta fatansa ne kawai. Abin da za ka nema shi ne nawa aka sayar da irinsa jiya da shekaranjiya. eBay na da wurin da ake ganin kayan da aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. In kuwa waya ce ta hannu a nan gida, kira wani da ka sani a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ka tambaye shi abu biyu: nawa suke karɓarta, nawa suke sayarwa. Tayin adalci yana tsakanin waɗannan biyun.

Sai ka koma kan kayan kansa. Hoto ba ya isa. Ka ce wa mai kaya ya rubuta kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da wayar ya ɗauko bidiyo, ya kunna ta, ya nuna lafiyar batir, ya danna *#06# lambar IMEI ta fito ka gwada da ta jikin kwali. An taɓa canja gilashi? An cire asusun mai ita na farko? Wayar da ke kulle da asusun wani ba ta da daraja sai ta kayan gyara. Duk aibin da ka gani, tambayi mai gyara kuɗinsa ka cire daga farashin. Ka cire kuɗin aikowa daga Legas zuwa Kano, da na direban da zai kawo maka ita tashar Birnin Kudu. In daga waje ne, ga canjin dala na ranar, ga kuɗin jirgi, ga na kwastam. Abin da ya rage shi ne iyakarka. Rubuta shi a takarda tun kafin a fara, domin idan lokaci ya kusa cika zuciya kan hau, mutum ya dinga ƙarawa don kada a kayar da shi. A eBay kana iya shigar da wannan iyaka sau ɗaya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan gwargwadon tayin wasu, ba za ta haura ba.

Adalci kuma yana da ɓangaren mai kaya, kuma ni a nan na fi damuwa. Mutum ya sa waya dubu ɗari biyu, irinta haka take a kasuwa, wani ya aiko masa "dubu tamanin, yanzu in tura." Wannan wulaƙanci ne. Da yawa masu sa kayansu a intanet lalura ce ta koro su, mara lafiya a asibiti ko kuɗin makaranta, kuma jin haka bai halatta maka ka danne shi ba. Yi sallama, faɗi kuɗinka, faɗi dalili: "Na ga batirin ya yi rauni, canjinsa zai ci kaza, shi ya sa na taya kaza." Mai kaya na iya ƙin sallamawa, amma zai amsa maka da mutunci.

Malamanmu sun daɗe da yi wa wannan iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana shiga cinikin wani idan sun riga sun karkata ga juna, ba a farkon tayi ba, shi ya sa ƙarin tayi a gwanjo bai zama laifi ba. Abin da shari'a ta haramta shi ne najashi, wato a sa wani ya riƙa tayawa don kuɗi ya hau alhali ba saye zai yi ba. A intanet ana yin sa da asusu na biyu. In ka ga wani sabon suna yana binka da ƙari duk sanda ka taya, tsaya a iyakarka.

Idan aka sallama maka, ka biya. In mai tayawa ya ɓace, ya jawo wa mai kaya asara, ya kori sauran masu saye, kuma a eBay ana rubuta masa laifin ƙin biya. Sai dai a Jiji da Facebook kada ka tura kuɗi kan kayan da ido bai gani ba. In kayan na Kano ne, wakilta ɗan'uwa su haɗu da mai kaya a bainar jama'a da rana, ya duba, ya karɓi rasit da kwali, ya kira ka, sannan ka tura.