Gyaran Gida da Haƙƙin Maƙwabta a Kan Layi

Gyaran gida a unguwannin Kano masu cunkoso, irin su Fagge, Kurna da lungunan cikin Birni, ba ya tsayawa a cikin katangar mai gida. Yashi, tsakuwa da bulo ba su da masauki sai ƙofar gida, kuma daga nan yawancin rigima da maƙwabta ke tashi.

Hanya ce abu na farko. Tifa guda ta yashi ta isa ta toshe layi, har mai a-daidaita-sahu da mai kurar ruwa su rasa wurin bi, balle motar da za ta ɗauki mai naƙuda cikin dare. Rodi kuwa tsawonsa mita 12 ne, ko an lanƙwasa shi sai ya ci wuri. Da damina abin ya fi muni, musamman a watan Agusta: ruwa yakan kwashe yashin ya cika kwata, ta tumbatsa zuwa zauren wanda bai ji ba bai gani ba. Maginin da ya san aikinsa yakan sa a kawo kaya kaɗan-kaɗan, leburori su shigar da su ciki a ranar.

Ranar zuba dakin, wato kankaren rufin bene, ta fi kowace takura. Injin kwaɓa siminti yana kan titi, baburan leburori sun tare ƙofofin mutane, kuma idan an fara zubi ba a tsayawa sai an kammala. Ya kamata a sanar da maƙwabta da mai unguwa tun da wuri, domin masu mota su fitar da ita da asuba, kada kuma ranar ta haɗu da biki, suna ko zaman makoki a layin.

Haɗari mafi girma yana kan yara. Ramin shadda da aka bari a buɗe, ga ruwan sama ya cika shi, yana iya cin rai. A rufe shi kafin a tashi aiki, a tattara katakai masu ƙusa, a lura da wayar lantarki yayin miƙa rodi saman bene.

Ƙarin bene a Kano yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, amma takardar ba ta ba kowa damar tare hanya. Alhakin abin da ya faru a ƙofar gida yana wuyan mai gida da ɗan kwangilarsa.