Amsoshin Tambayoyinku: Digirin digirgir a kan girgizar ƙasa

Tambaya: Malam, ni ɗan Ƙaura Namoda ne, na kammala digiri na biyu a ilimin duwatsu. Ina sha'awar yin digirin digirgir a kan girgizar ƙasa, amma 'yan'uwa suna cewa ba a yin ta a Najeriya, wahalar banza zan sha. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ana yin ta, sai dai ba mai rusa gari ba. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape da ke Abuja a 2018, har mutane suka fito daga gidajensu a firgice. Abin da ke faruwa shi ne, duwatsun ƙarƙashin ƙasa suna da tsaguwa. Ɓangarori biyu na tsaguwar sukan cije da juna shekara da shekaru, matsi na taruwa, ranar da suka suɓuce sai a ji rugugi a sama.

Irin wannan tsohuwar tsaguwa tana nan a Zamfara, ta ratsa yankin Anka, kuma a jikinta zinariya ta taru. A nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Na'urorin da ke sauraron motsin ƙasa, da lissafin kwamfuta da ke zana abin da ke ƙarƙashinta, su ne dai ake buƙata don gane ramin haƙar ma'adinai da ke shirin ruftawa da mutane, ko dalilin da rijiyar burtsatse ke ba da ruwa a wannan unguwa ta ƙafe a waccan. Ƙaura da Zurmi a kan tsohon dutse mai tauri suke. Idan ka nausa Shinkafi zuwa Isa, sai ka fara shiga ƙasa mai rairayi ta kwarin Sakkwato. A ganina, wannan mahaɗa ta dutse da rairayi kaɗai ta ishe ka kundi guda.

Wurin karatu kuwa, fara da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ka tuntuɓi cibiyar hukumar NASRDA da ke Toro a Jihar Bauci, wadda ke kula da tashoshin auna girgiza. A waje akwai cibiyar ICTP a Italiya. Idan kana koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura, nemi tallafin TETFund. In ba haka ba, gwada tallafin PTDF.

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, ƙarfafa lissafinka, ka koyi yaren kwamfuta na Python, ka kuma zaɓi wurin binciken da tsaro zai bar ka ka kafa na'ura.