Sabuwar Bindiga: Ko Tana Bukatar Horo?

A fadamar gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ba a rasa maharba. Da kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa, dinya da kirinjijiya su kan sauka cikin shinkafa, manomi kuwa ba shi da abokin da ya fi mai bindiga. Da yawa daga cikinmu za su koyar da 'ya'yan waɗannan mutane, don haka ya kamata mu san amsar wata tambaya da a kan yi gardama a kanta: in mutum ya sami sabuwar bindiga, sai ya hore ta tukuna kamar yadda a ke horon ɗan doki, ko kuwa ya shiga aiki da ita nan da nan?

Maganar horon nan daga Turawa ta fito, kuma a kan irin bindigarsu ta ke. Bindigar soja, kamar Lee-Enfield wadda sojan Nijeriya suka riƙe a yaƙin 1939 zuwa 1945, cikin bututunta ba sumul ya ke ba. An tsaga waɗansu layuka masu murɗewa tun daga gindi har baki. Harsashi ya kan juya sau ɗaya cikin kowane inci 10, tsawon bututun kuwa wajen inci 25 ne, watau ya juya sau biyu da rabi ke nan kafin ya fita. Juyin nan shi ke sa ya tafi sak, ba ya tangaɗi. Shi harsashin dalma ne, an yi masa riga ta jan ƙarfe.

To, bututu sabo ya kan zo da ɗan kaushi wanda kayan aikin maƙera suka bari, musamman daidai inda harsashi ke fara kama tsagar. Kaushin ya kan kankare jan ƙarfe ya liƙe a ciki. Masu son horo suka ce a harba ɗaya a goge, a sāke harba ɗaya a goge, har kamar sau goma, sa'an nan a riƙa harba uku ko biyar kafin a goge. Wai ta haka kowane harsashi zai bi ta kan ƙarfe tsirara ya lallashe shi, maimakon ya bi ta kan saurar ɗan'uwansa. Amma wani shahararren maƙerin bututu na Amurka, Gale McMillan, ya ƙi wannan magana ƙememe. A ganinsa kowane bututu yana da iyakar harbin da zai ɗauka kafin ya tsufa, horo kuwa cin kwanakinsa ya ke yi a banza. Mu dai mun fi karkata wajensa, gama bututun da aka goge sarai a maƙera ba shi da kaushin da za a cire, marar kyau kuma harbi goma ba ya mai da shi nagari. Wanda ya ga dama ya yi, ba laifi, in dai ya lura kada sandan gugar ya ci gefen bakin bindiga, don nan ne harsashi ke yin sallama da ita, ƙaramin lahani a wurin ya kan kautar da shi.

Amma fa maharbin fadama ba irin wannan ya ke saɓawa ba. Tasa adaka ce, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki. Cikinta ba tsaga, abin da ta ke harbawa ba shi da rigar jan ƙarfe, saboda haka duk gardamar nan ba ta shafe ta ba ko kaɗan. Abin da ya kamata ya dame shi shi ne, ko bututun zai iya riƙe wutar da za a kunna a cikinsa, tafin hannunsa na hagu yana ƙarƙashi, idonsa na dama yana bisa.

Mutanen Ingila sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1813 majalisarsu ta kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingam, garin da ya ƙera bindigogi masu ɗimbin yawa da aka kawo Afirka ta Yamma. A can a kan harba kowane bututu da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, ba kowa kusa. In ya tsira ba tsagewa ba kumburi, a buga masa hatimi. Har yau laifi ne a sayar da bindiga a Ingila in ba a gwada ta ba. Maƙerin ƙauye ba shi da hatimi, sai dai sunansa, ga shi sau da yawa bututun nasa asalinsa ƙarfen famfo ne ko na mota, wanda ba don wuta aka yi shi ba. Saboda haka harbin fari ba a kafaɗa za a yi shi ba. A ɗaure ta jikin itace a fili, bakinta yana duban tudun ƙasa, a ja kunamar da doguwar igiya daga bayan maɓoya. Sa'an nan a wanke, a duba da hasken rana, a bi da yatsa a ji ko akwai kumburi, a lura ko hayaƙi ya tsiyaya ta gindi. Wadda ta nuna ko da tsagar gashi ce, ta mutu ke nan, ko nawa aka biya. Dokar bindigogi ta 1959 kuma ta ba hukuma ikon hana riƙe ko da adaka sai da lasin.

Bayan gwaji, abin da ke kashe adaka tsatsa ne. Tokar albarushi tana jawo laima daga iska, fadama kuwa gidan laima ce. In aka kwana ba a wanke ba, da safe a tarar ciki ya yi ja, tsatsa kuma daga ciki ta ke cin bututu, inda ido ba ya kaiwa, har ya zama siriri. Maganin mai arha ne: ruwan zafi, da tsumma, a shanya ta bushe sarai, a shafa mai kaɗan. Wadda aka jingine a ɗaki duk damina, a zura sanda a ji kafin a ɗura, domin zanzaro yana son bakin bindiga ƙwarai, ya kan gina ɗakinsa na laka a ciki. Haka kuma in mutum ya zame a taɓo bakinta ya taɓa ƙasa. Bututun da ya toshe fashewa ya ke yi.

Saura abu biyu da samari suka fi faɗawa ciki. Ran hawan salla 'yan bindiga su kan so tasu ta fi ta kowa ƙara, sai a yi ta ƙara albarushi. Waɗansu kuma su kan farke harsashin zamani su juye garin da ke ciki a adaka, suna zaton duk albarushi ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na zamani, wanda ba ya hayaƙi, ƙarfinsa ya wuce abin da bututun adaka zai iya riƙewa nesa ba kusa ba, gwajin da aka yi mata jikin itace kuwa da baƙin albarushi aka yi shi.