Darasin Tarihi: Bajon Hular Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan bajon hular soja ne, wato ɗan tambarin ƙarfen da ake maƙalawa a gaban hula. A Turai akwai masu tara irin waɗannan. Suna biyan kuɗi masu yawa a kan na mahaya dawakin Furusiya, tsohuwar masarautar Jamus, waɗanda wasu rundunoninsu ke sa hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Mu kuwa a nan Jibiya namu suna kwance a gindin adaka, wasu har an sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli.

Ga yadda za mu gane su.

Na farko, bajon tagulla mai hoton bishiyar kwakwa. Wannan na rundunar da Turawan Ingila suka kafa ne a 1897 a ƙarƙashin Lugga. Idan haruffan da ke ƙasansa RWAFF ne, to daga 1928 zuwa gaba aka yi shi, domin a shekarar aka ƙara harafin R. Dakarun wannan runduna ne suka yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916.

Na biyu, bajon ƙyalle na hannun riga. Baƙin gizo-gizo alamar runduna ta 81 ce, masu biyu a gicciye bisa gammo kuwa ta runduna ta 82. Dukansu sun yi yaƙin Bama da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Na uku, idan muka tsallaka Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, labari ya canza. Kakannin 'yan uwanmu na can Faransa ce ta ɗauke su soja. Jar dara suke sawa, alamarsu kuma anga ce, ƙarfen nan da ake tsayar da jirgin ruwa da shi. Ke nan dangi ɗaya, bajo iri biyu.

Idan mun samu ɗaya a gida, mu nemi izinin manya kafin mu taɓa. Mu goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da toka ko lemon tsami, domin suna cinye zanen. Mu tambayi tsofaffi sunan mai shi da inda ya yi yaƙi, mu rubuta mu ajiye tare da bajon, don ranar da suka kau babu wanda za mu tambaya.

Gargaɗi: kada kowa ya maƙala shi a hula ko a riga. Garinmu bakin iyaka ne mai shingayen jami'an tsaro, kuma shigar soja ga farar hula laifi ne.

Wanda ya samu, ya zana hotonsa ya kawo wa kulob ɗinmu. Za mu liƙa a wannan allo kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.