Juji da Leda: Darasi ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Baure

1. Juji a da

Tun kaka da kakanni manomin ƙasar Daura bai taɓa ɗaukar juji a kan ƙazanta ba, dukiya ya ɗauke shi. Toka, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da tsohuwar tabarma, da fasasshiyar ƙwarya, duk tuli ɗaya akan yi musu. Idan rani ya yi sai a ɗura a mangala, jaki ya kai gona. Ƙasar Baure jigawa ce, ba ta ba da gero sosai sai an ciyar da ita da taki. Abin da ya sa wannan dabara ta yi kyau shi ne, kome na cikin juji daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa za ta cinye shi.

2. Abin da ya sake

Yanzu roba ta maye gurbin ƙwarya, jarka ta maye gurbin tulu, leda kuwa ta maye gurbin ganye da takarda wajen ƙunshe tsire da ƙosai. Tun daga shekarun 1990 ruwan leda ya bazu ko'ina. Mutane kuma sun ƙaru, gama a ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum dubu 200 a Ƙaramar Hukumar Baure. Leda da roba daga man fetur ake yin su, don haka ba sa ruɓewa. Rana takan farfasa su ƙanana ƙanana, amma suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Watau mutane suna nan da al'adarsu ta tuli ɗaya, alhali kuwa abin da ke cikin tulin ya sake.

3. Ɓarnar da leda ke yi

(a) *A gona.* Takin da ya cuɗe da leda yakan tare saiwar shuka, ya hana ruwa ratsa ƙasa daidai.

(b) *Ga dabbobi.* Akuya ko saniya takan haɗiye leda saboda gishiri da maiƙon da ke jikinta. Leda ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Dabba ta yi ta rama alhali cikinta a kumbure, daga bisani ta mutu. Mahauta sun san wannan sarai.

(c) *A gari.* Leda takan toshe lambatu. Da damina ruwa ya kwanta, ya ci gindin katangar ƙasa, sauro kuma ya sami wurin ƙyanƙyasa.

(d) *Wajen ƙonawa.* Hayaƙin roba guba ne ga huhu, balle ga yara da masu asma. Hura wutar girki da leda ba shi da kyau ko kaɗan.

4. Magani: rarrabewa tun daga gida

Tsince leda daga juji bayan ta cuɗe aiki ne ja. Hana ta shiga kuwa ba ya cin ko sisi. Saboda haka kowane gida ya kasa shararsa kashi uku. Na fari, abin da ke ruɓewa: wannan ya tafi juji, daga nan gona. Na biyu, abin da ke da kuɗi, watau fasasshen bokiti, da buta, da kujerar roba, da tsohon silifa, da gorar lemo, da ƙarfe: a tara su a buhu. Na uku, baƙar leda da ledar ruwa: a cusa su a buhu dabam, a ɗaure baki don kada iska ta kwashe.

Kashi na biyu yana da masu saye. 'Yan gwangwan sukan auna shi a sikeli su biya, dillalai su yi lodinsa zuwa Kano. A can akwai masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Akan ware roba iri iri, a wanke, a niƙa, a narkar, a sake zuba ta ta zama buta ko baho. Roba mai tsabta ta fi daraja. Baƙar leda kuwa ba ta da nauyi, mai saye ba ya ɗokinta, don haka maganinta shi ne a rage karɓarta. Mai zuwa kasuwar Baure ko ta Babban Mutum ya tafi da kwandonsa ko jakarsa.

5. Doka

Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a kan Ƙaramar Hukuma. Waɗansu ƙasashe sun hana ledar cefane ɗungum: Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Baure, ta yi tata dokar a 2014. Amma fa ma'aikacin hukuma iyakarsa ƙofar gida. Wanda ake jin maganarsa har cikin gida shi ne Mai Unguwa, da Dagaci, da Liman.

6. Aikin Hakimi

Ya tara Dagatai da Masu Unguwa ya bayyana musu kashi ukun nan, a kuma roƙi Limamai su tunatar ran Juma'a. Ya shawarta da Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma a keɓe wurin tara leda a kowace unguwa, nesa da rijiya, a kewaye shi don dabbobi. Ya sa a yashe lambatu da aikin gayya kafin ruwan fari. Ya umarci Sarkin Kasuwa a share kasuwa ranar da ta ci, tun kafin awaki su shiga da safe.

7. Aikin Malamin Hakimi

Ya buɗe littafi. A ciki ya rubuta sunan kowace unguwa da wurin tara shararta, da ranar da aka kwashe, da lambatun da suka toshe. Kowane wata ya tambayi Sarkin Fawa dabbobi nawa aka sami leda a tumbinsu, ya rubuta. Wannan lissafi shi ne ma'auni: idan yana raguwa, to, aiki yana ci. Idan bai ragu ba, sai Hakimi ya san unguwar da zai sake kiran Mai Unguwarta.