Darasi: Ajiyar da Ba Ta Ɗaukuwa Ranar Buƙata

Tunda wasu ƙungiyoyinmu sun fara sa kuɗin asusu a kiwon zuma, yau na kawo muku tambayar da masu kiwon zuma na Ingila da Ailan suke yi duk shekara.

A can akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira aibi, yana hawa bango da itatuwa. Yana yin fure daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da sauran furanni suka ƙare. Shi ne abinci na ƙarshe da ƙudan zuma ke tarawa kafin sanyinsu mai tsanani. Damuwar ita ce zumarsa tana saurin sandarewa a cikin saƙa, ta yi tauri kamar mazarƙwaila. Ƙudan ba sa iya shan ta sai sun jiƙa ta da ruwa, ga shi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 da wuya su fita ɗebo ruwa.

To, wannan zumar za ta fid da su sanyin lafiya? Galibi tana fid da su. Amya mai ƙudaje da yawa tana da ɗumi, tururin numfashinsu yana zama raɓa a ciki, da ita suke narkar da zumar. Amya mai rauni kuwa tana iya mutuwa da yunwa, ga abinci a gefenta. Shi ya sa masu kiwon suke ba su ruwan sukari mai kauri, kashi 2 sukari, kashi 1 ruwa, tun kafin aibi ya yi fure, su bar wa kowace amya ajiyar kusan kilo 20.

Mu ba mu da aibi, amma muna da watannin ƙarancin fure da ruwa. Saboda haka:

1. In kun zo ɗibar zuma, kar ku kwashe saƙar duka.
2. Da rani ku ajiye kaskon ruwa kusa da amya, ku zuba tsakuwa a ciki don kar su nutse.

Haka akwatinmu yake. In kuɗin duka ya fita bashi, a littafi muna da shi, amma ranar da naƙuda ta kama wata da dare ba abin da za mu ɗauka.

Mu tattauna: nawa ya kamata ya riƙa kwana a asusun gaggawa? Wa ke riƙe da makullai in buƙata ta taso?