Yadda Manyan Jam'iyya Ke Tsai da Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa

Sau da yawa talakawa sukan tambayi Hakimai da malamansu, wai yaya ake yi sunan wane ya hau takardar ƙuri'a, alhali kuwa ba a shawarce su ba. Ya kamata a san amsar da za a ba su.

Kafin babban zaɓe kowace jam'iyya takan yi nata zaɓen na cikin gida, watau zaɓen fid da gwani. Galibi a tarihin Nijeriya mutumin Ƙofar Taramniya ba ya jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, sai dai wakili ya tafi a madadinsa. Wakilin nan kuwa manyan jam'iyya ne suka sa hannu aka zaɓe shi, su ne kuma ke ɗauke da kuɗin motarsa da masaukinsa. Da wuya ya saɓa musu.

Abin da ya faru ga Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, ya isa misali. Shi kujerar Majalisar Dattawa ya so, amma manyan jam'iyyar NPN suka matsa masa lamba. Sun riga sun shirya cewa ɗan takara daga Arewa zai fito, shugaban jam'iyya kuma daga Yamma, saboda haka duk mutum shidan da suka tsaya a taron Ikko cikin watan Disamba 1978 'yan Arewa ne. Shagari ya zo na ɗaya, Alhaji Maitama Sule na biyu, Malam Adamu Ciroma na uku, amma ba wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'u. Bisa ƙa'ida sai a sake jefawa. Ba a sake ba, gama Maitama da Ciroma sun janye masa. A 1979 ya zama Shugaban Ƙasa.

Bayan shekara 40, a taron jam'iyyar PDP na Fatakwal cikin 2018, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sami goyon bayan mai masaukin baƙi, Gwamna Nyesom Wike, duk da haka ƙuri'a 693 ya tashi da ita, Alhaji Atiku Abubakar kuwa 1,532. Ashe gwamna ɗaya, kome ƙarfinsa, bai isa ya rinjayi sauran manya ba in sun haɗa kai.

A taron Abuja na ran 28 ga Mayu 2022 al'amarin ya juya. Wakilai ba su kai 800 ba, don haka kowace ƙuri'a ta yi tsada. Ana gab da jefawa sai Tambuwal ya miƙe, ya ce ya janye, ya umurci mutanensa su bi Atiku. Atiku ya sami 371, Wike 237. Wike bai haƙura ba. Shi da waɗansu gwamnoni huɗu na jam'iyyar suka ƙi yi wa Atiku aiki, a zaɓen 2023 kuwa Atiku bai ci ba.